Rage Shan Mai a Titunan Legas: Tambayoyin Direbobi da Amsoshinsu

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin duk mai abin hawa ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 480 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira 1,000 a gidajen mai da dama. Matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, farashin ya riƙa hawa da sauka, amma bai koma gidan jiya ba. Direba ba shi da ta cewa a kan kuɗin lita. Yawan litar da motarsa za ta ƙona kuwa, yana da hannu dumu-dumu a ciki. Tambayoyin nan su ne waɗanda suka fi yawo a bakin 'yan'uwa masu tuƙi a Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago.

Malam, da gaske salon tuƙi yana canja shan mai, ko dai kowace mota da cikinta?

Kowace mota da cikinta, wannan haka yake. Sienna ba za ta sha daidai da Corolla ba. Amma ka ba mutum biyu mota ɗaya, hanya ɗaya, za ka ga ɗaya ya dawo da sauran mai, ɗayan kuma fitilar tanki na ci. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin ganganci, wato figar mota da taka birki da ƙarfi, yana rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cikin cunkoso. Mu kuwa a Ikko cunkoso shi ne abincin yau da gobe, don haka babban kason ne ya shafe mu.

Dalilin a fili yake. Ba inda mota ke zuƙar mai kamar lokacin da take tashi daga tsaye, domin sai injin ya tura nauyin da ya wuce tan guda. Duk gudun da ka samu, da mai ka saye shi. Da ka danna birki, gudun nan ya zama zafi a jikin birki, ya bi iska. Wanda ya figi mota daga fitilar Maryland alhali yana hangen ja a gabansa, ya biya kuɗin gudun da bai mora ba.

Ta yaya zan san ainihin abin da motata ke sha?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a fara da ita, domin yawancinmu da kuɗi muke auna mai: "na zuba na dubu goma, ya kai ni kwana biyu." Farashi na canjawa, don haka wannan ma'aunin ba ya gaya maka komai. Allurar tanki ma ba abin dogaro ba ce, a motoci da yawa tana daɗewa a sama, sannan ta zubo ƙasa da sauri.

Ga yadda ake yi. Ka cika tanki har bakin famfo ya katse da kansa, ka mayar da ƙaramar mitar kilomita sifiri. Ka yi harkokinka kamar kullum. Ranar da za ka sake shan mai, ka cika kamar farko, in da hali a famfo ɗaya, ka rubuta lita nawa ta shiga da kilomita nawa ka ci. Ka raba kilomita da lita. In ka yi kilomita 320 ka zuba lita 40, motarka na yin kilomita 8 a lita.

Mu ɗauki misali don a ga kuɗin. Wanda ke yin kilomita 40 a rana, kwana 26 a wata, da motar da ke shan lita 12 a kilomita 100, yana ƙona kusan lita 125. In ya rage kashi 15 cikin ɗari, ya tsira da lita 19. In aka ƙaddara lita naira 900 ce, kusan naira 17,000 ke nan a wata, ba tare da ya sayi komai ba. Ka ajiye ɗan littafi a aljihun mota. Amfaninsa na biyu shi ne, ranar da lissafin ya faɗi haka kawai, ka san akwai abin da ya lalace tun kafin mota ta tsaya maka a hanya.

To, a gosulo fa? Mutum na kan gadar Third Mainland ko Ikorodu Road, wace dabara ta rage masa?

Nan ne gizo ke saƙar. Ka lura da yadda ake tafiya a cunkoson safe daga Oworonshoki zuwa Adeniji. Motar gaba ta matsa taku goma, na baya ya taka totur kamar za a bar shi, ya je ya ci birki a bayan bambarta. Bayan daƙiƙa ashirin a sake. A gadar da ta kusa kilomita 12, wannan tashi da tsayawa zai iya maimaituwa har ka gaza ƙirgawa, kuma kowane ɗaya da kuɗinsa.

Abin da ya fi shi ne ka bar 'yar tazara, ka bar mota ta riƙa gangarawa a hankali ba tare da ta tsaya cak ba. Mota mai canja giya da kanta, in ka ɗaga ƙafa daga birki za ta tafi da kanta, sau da yawa ba ka bukatar totur sam. Mai kuloci kuma ya sa giya ɗaya ko biyu, ya saki kuloci gaba ɗaya, ya bar injin ya ja. Riƙe mota da rabin kuloci a kan hawa yana cin mai, yana kuma cinye farantin kuloci. Idonka kada ya tsaya a kan motar da ke gabanka kawai. Ka riƙa hangen ta uku ko ta huɗu. In fitilun birkinsu suka kama, ka ɗaga ƙafa tun daga nan.

Na san abin da za a ce: a Legas in ka bar tazara, danfo zai cusa kai. Zai cusa, ba makawa. Amma ka tambayi kanka me ka rasa. Tsawon mota ɗaya ne, ko biyu, a layin da ke da ɗaruruwa. Masu sauya layi kowane minti, su kutsa nan su kutsa can, sau tari za ka tarar da su a Obalende kusa da kai, sun ƙona mai fiye da kai, wani ma an goge masa madubi. Sauri ya haifi nawa. Bin layin da aka keɓe wa bas-bas na BRT ko hanyar da ba taka ba don tsere wa cunkoso kuwa, in jami'an LASTMA masu kula da zirga-zirga a Legas suka kama ka, tarar za ta cinye abin da ka tara na watanni.

Akwai kuma dabarar da ta fi duk waɗannan, ita ce lokaci. Wanda ya yi sallar asuba ya kama hanya daga Agege zuwa Island, da wanda ya fito ƙarfe bakwai, hanya ɗaya suka bi amma ba mai ɗaya suka sha ba. Haka da yamma: in aikinka ya ba da dama, ka tsaya ka yi magariba da isha a inda kake, hanya ta ɗan sarara. Ka duba Google Maps kafin ka tayar da mota, ba bayan ka shiga tarko ba. Hanyar da ta fi tsawo da kilomita uku amma tana tafiya, ta fi gajeriyar da za ka yi awa guda a tsaye.

In an tsaya cak, in kashe mota ko in bar ta tana aiki? An ce tayarwa ta fi cin mai.

Wannan magana ta zamanin motoci masu kafireto ce. Motocin yanzu masu injekta, man da suke bukata su tashi bai wuce na daƙiƙa goma na aiki a tsaye ba. Injin da ke aiki mota ba ta motsi yana shan kamar lita ɗaya zuwa biyu a awa, gwargwadon girmansa da ko esi na kunne. Don haka in tirela ta faɗi a Mile 2, ko kana jiran Alhaji a bakin banki, ko kana layin gidan mai, in dai tsayuwar za ta wuce minti ɗaya, kashe.

Sharaɗi biyu ne. Batirinka da sitata su kasance lafiya, domin motar da ta ƙi tashi a tsakiyar gada ta jawo maka abin da ya fi kuɗin mai. Sannan a cunkoson da ke motsi kaɗan-kaɗan ba a kashewa ana tayarwa kowane taku.

Esi ko sauke gilashi?

Esi na cin mai, ba shakka, domin injin ne ke juya kwamfaresa. A tsananin zafi da gajeriyar tafiya, zai iya rage nisan da lita ke kaiwa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin gari, sauke gilashi ya fi sauƙi ga aljihu. A babbar hanya da gudu, gilashi a buɗe yana sa iska ta riƙe mota, sai bambancin ya ragu.

Amma ba zan ce wa kowa ya sauke gilashi a ko'ina ba. Akwai wuraren da ake fizge waya a cunkoso, musamman da duhu, ga hayaƙin manyan motoci a hanyar Apapa. Lafiyarka da tsaronka sun fi lita. Abin da za ka iya yi shi ne ka nemi inuwa in za ka ajiye mota, ka sa abin tare rana a gilashin gaba. In ka shiga motar da ta sha rana, ka fara tafiya da gilashi a buɗe na ɗan lokaci zafin ya fita, sannan ka rufe ka kunna, ka danna maɓallin da ke juya iskar ciki.

Sakin mota a firi a gangara yana rage mai?

A'a. A motar injekta, in kana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, tana yanke mai, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa firi kuwa dole ta ba injin mai don kada ya mutu. Ga hatsari, domin birki kaɗai ka bar wa aikin. Masu kashe injin ɗungurungum a gangara kuwa, da ransu da na fasinja suke wasa: birki zai yi tauri, sitiyari ya yi nauyi.

Bakanikena ya cire tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce motar Turai ce ba ta san zafinmu ba. Daidai ne?

Wannan al'ada ta yi wa masu motocin tokumbo ɓarna mai yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Tamostat ɗan bawul ne da ke hana ruwa zagayawa lagireto har sai injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. In aka cire shi, ga fanka na juyawa tun daga tayarwa, injin zai daɗe bai kai wannan zafin ba. Ƙwaƙwalwar mota kuwa, muddin ta ga injin da sanyi, ƙara masa mai take yi. Ka ga kullum motarka tana cikin halin "yanzu aka tayar." In mota na zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, famfon ruwa ya gaji, murfin lagireto ya saki, ko ana zuba ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya injin. A gyara dalilin, a mayar da tamostat.

Haka batun abin da ake kira indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Wasu na cire shi su sayar, wasu ma a gareji ake sace musu. Kusa da shi akwai sensa masu auna iskar hayaƙi, kuma da rahoton sensa ta gaba ƙwaƙwalwa ke daidaita mai. In ta mutu ko aka yanke wayarta, mota na iya shan mai fiye da kima. Alamun su ne baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur daga salansa, da fulogi masu baƙin toka.

Fitilar cek injin da ke ci a dashbod, don Allah kada a rufe ta da baƙin salatif. A kai mota wurin mai na'urar bincike ya karanta abin da take faɗa. Baƙin mai kuma a zuba mai kaurin da littafin motar ya ce. Zuba mai kauri sosai a injin da aka yi don mai ruwa-ruwa yana ƙara masa wahala.

Iskar taya fa, nawa ya kamata?

Ka buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin, akwai takarda da aka manna mai ɗauke da adadin. Ƙananan motoci galibi tsakanin 30 ne da 35 a ma'aunin iska na PSI. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da tayar za ta ɗauka, ba ita ake bi ba. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa, tana jan mota baya, tana zafi, kuma ita ce ke fashewa a doguwar hanya. Cika ta zuwa 45 ko 50 kamar yadda wasu masu faci ke yi, yana rage riƙon titi, ga damina a Legas, ya kuma cinye tsakiyar taya.

Ka sayi ɗan ma'auninka, ba shi da tsada, ka riƙa dubawa da safe kafin taya ta yi zafi, ko sau biyu a wata. In mota na ja gefe ɗaya bayan ta faɗa rami, a je a daidaita ƙafafunta. Ribar iska a kan mai ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari ba, amma kusan kyauta ce, kuma tana ƙara wa taya kwana.

Dumama mota da safe fa?

Rabin minti ya isa baƙin mai ya zagaya. Ka tashi a hankali, injin ya fi saurin ɗumi yana tafiya. Taka totur da ƙarfi a tsaye, da safe ko kafin a kashe mota, ba ya ƙara komai sai asara.

Za mu tafi gida da Sallah. Wane gudu ya fi dacewa daga Berger zuwa Arewa?

Ƙarfin da iska ke tare mota da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In ka ninka gudu biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Shi ya sa motar da ke gudun kilomita 120 a awa ke shan mai da kusan kashi 20 cikin ɗari fiye da mai gudun 100. Me aka samu? A kowace kilomita 100, minti goma kacal. Yawancin motoci sun fi sauƙin sha tsakanin 50 da 80, a giya ta sama. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ma ta tsayar da 100 ga ƙananan motoci a babbar hanya irin ta Legas zuwa Ibadan, 90 ga bas da tasi. Ka riƙe gudu ɗaya, kada ka riƙa hawa da sauka, kuma ka saki totur tun daga nesa in ka hango shingen bincike.

Sai kaya. Duk kilo 45 na ƙari yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Kayan saman mota sun fi haka illa saboda iska. In tsaraba ta yi yawa, wani lokaci ya fi sauƙi a ba motar kaya ta kai. In an dawo kuma, a sauke ƙarfen saman, a kwashe tarkacen but: tsohon batir, jarkoki, buhun da aka manta.

Gaskiya ne man safe ya fi auki? Kuma cika tanki ya fi ko rabi?

Tankunan gidan mai a ƙarƙashin ƙasa suke, zafinsu ba ya wani canjawa tsakanin safe da rana. Cika tanki ko rabi ma bambancin nauyin kaɗan ne, lita ɗaya ba ta kai kilo guda ba. Abin kiyayewa shi ne kada ka saba tafiya da tanki a ƙasa, domin famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Kuma wanda mai ya ƙare masa a hanya, hannun 'yan bumburutu zai faɗa, ga tsada, ga rashin tabbas a kan abin da ke cikin jarkar.

A gidan mai ka fito ka tsaya, ka ga mita ta koma sifiri kafin a fara. In famfo ya katse, kada a ci gaba da ɗurawa har ya zubo. In littafinka ya nuna wani gidan mai litarsa ba ta cika, ka canja wuri, kana kuma iya kai ƙorafi hukumar NMDPRA, ita ke sa ido a kansu.

Ana tallar ƙwayoyi da maganaɗisu da wata na'ura da ake soka wa mota, wai suna rage rabin mai.

Ka riƙe kuɗinka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da ɗari, ba ta samu wadda ta kawo wani ragi na a zo a gani ba. Da maganaɗisu na yin wannan aiki, da kamfanin Toyota ya sa shi tun daga masana'anta.

Mu masu Keke Marwa da babur fa?

Ku ne ma kuka fi jin abin a jika, tunda sai an fitar da balas da kuɗin tikiti kafin a ga na cefane. Yawancin injinanku masu kafireto ne, don haka matatar iska mai datti tana ƙara muku shan mai kai tsaye, a riƙa wanke ta ko canja ta. Fulogi, iskar taya, da sarƙar babur, kada ta yi sako-sako ko ta bushe. A guji matse kafireto fiye da kima don rage mai, injin zai riƙa zafi har ya lalace. A kashe a layin jiran fasinja, a daina murza totur don kiran mutane. Lodin da ya wuce kima kuma, abin da aka samu a kuɗin fasinja yana fita ta mai da gyara.

In mayar da motata mai amfani da gas ɗin CNG, wato iskar gas da aka matsa a tukunya?

Ga mai yawan tafiya, kamar direban Bolt, Uber ko bas, lissafin na iya fita, domin gas ya fi fetur araha, kuma gwamnatin tarayya ta kafa shirin bunƙasa shi tun 2023. Kafin ka yanke shawara ka duba abu uku. Akwai gidan gas a hanyar da kake bi kullum, kuma yaya layinsa? Za ka iya haƙura da rabin but, da nauyin tukunyar? Sannan ka raba kuɗin juyawar da abin da za ka rage a wata, ka ga wata nawa za ka mayar.

Abin da ba a sassauci a kai shi ne tukunya. Ana matsa wannan gas da ƙarfin da ya kai 200 a ma'aunin matsi na bar, tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta ɗauka ba. A watan Oktoba na 2024 wata mota mai irin wannan tukunya ta tarwatse a gidan gas a Benin, mutane suka ji munanan raunuka. A je cibiyar da hukuma ta amince da ita kawai.

Akwai lokacin da ya fi kyau a ajiye motar gaba ɗaya?

Akwai. Jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Blue Line kuma tun Satumban 2023 yake zirga-zirga tsakanin Mile 2 da Marina. In ba kaya za ka ɗauko ba, katin Cowry da ake biyan kuɗin jirgin da shi na iya fi maka tanki sauƙi. Masallaci ko shagon da ke bayan layi, ƙafa ta isa, domin gajeriyar tafiya da injin mai sanyi ita ta fi kowace cin mai a kilomita.

In kuwa dole sai da mota, ka haɗa saƙonninka a fita ɗaya, ka fara da wuri mafi nisa don injin ya yi ɗumi, sauran ka biyo su a hanyar dawowa. Maƙwabta uku da ke da shaguna a kasuwa ɗaya suna iya shiga mota ɗaya su raba kuɗin mai, ko su yi karɓa-karɓa mako-mako. Direban haya ta waya kuma, in ya sauke fasinja a Lekki ko Ikeja, ya samu wuri mai aminci ya tsaya ya kashe injin har kira ya shigo, maimakon zagaye gari da mota ba kowa.